Wayar Baba

A bencin tashar mota wata yarinya ke zaune tana jiran motar da za ta kawo babanta, ta duƙufa a kan littafi. Wani saurayi da ke gefenta ya leƙa bangon.

"Wanda uban yarinyar ya ɓace ne, ko? Na karanta shi. Ƙarya ce zalla."

"Kai Yaya! Ni kuwa har tsikar jikina tashi take yi, musamman inda take kiran wayarsa, ta yi ta ƙara ba a ɗauka."

"Ai nan ƙaryar take. Wayar ba ta ƙara. Kullum a kashe za ki ji ta, har ranar da za a ba wani layin. Kuma babu wata alama da mutum ke bari a aljihun riga. Duk na zazzage."

Yarinyar ta rufe littafin a hankali. "Rigar wa?"

Ya kau da kai wajen ƙofar tasha. "Ta babana. Ni ma cewa ya yi in jira shi a nan."

Ta zaro wayarta, ta kira babanta, ta kara a kunne.

"Yaya," ta ce, "a kashe take."