Fartanyar da Mujitaba Ya Ajiye

Zuga mugun abu ce, mai hura wuta ba shi ke zaɓa mata abin da za ta ci ba. A tashar Tiga na ji wannan zance, muna jiran motar Kano ta cika, tsakanin wani dattijo da wata mai sayar da kifi.

"Baba, wannan uban ƙuli-ƙuli fa? Biki za ka?"

"Gidan yari za ni, 'yar nan. Ɗana Mujitaba ke ciki. Kisa ya yi."

"Subhanallahi! Ba a yanke masa rataya ba?"

"A'a. Maƙwabcinmu ne ya tare mana ruwan noman rani. Mujitaba ya yi magana, mutumin ya kwaɗa masa mari. Sara ɗaya Mujitaba ya yi masa da fartanya. Alƙali ya ce an tsokane shi, zuciya ce ta ɗebe shi nan take, ba shiri ya yi ba. Shekara goma sha huɗu."

"To ai sai godiya. Zuciyar matashi wa ya iya mata?"

Dattijon ya sunkuyar da kai.

"Shi ya iya mata. Bayan marin ya ajiye fartanyar, ya juya zai tafi. Ni na ce masa, 'Ashe mace na haifa?'"

"Baba! Ka gaya wa alƙali?"

"Ba wanda ya tambaye ni."

"A gonar ma ai ba wanda ya tambaye ka."

Dattijon ya gyara ɗaurin ƙuli-ƙulinsa.

"Gonar ta bushe. Matarsa ta koma gidansu da jikokina biyu. Uwarsa ta daina kallon idona. Shi kuwa in na je, har yau durƙusawa yake ya gaishe ni."