Sunan da Kakarmu Ba Ta Taɓa Kira Ba

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa. Nasiru ne daga Al Quoz, Dubai.

Ranar Juma'a ƙanena ya turo mini hoton tsohuwar jarida daga Kano, mai sanarwar rasuwar kakanmu, Malam Idi majemi. An rubuta ya bar 'ya'ya huɗu. Mu kuwa uku kawai muka sani, duk sun rasu. Jaridar ta ce babbarsu, wadda ba mu sani ba, Hajara ce, tana aure a Damagaram.

Sai na tuna kakarmu kan ce, "Allah ya tsare waccan." Ashe 'yar farinta ce, kunya ta hana ta kiran sunanta, mu kuma ba mu taɓa tambaya ba.

Mutanen Damagaram, wanda ya san zuri'ar Hajara ya gaya musu uwarta ta yi ta mata addu'a har ta koma ga Allah.