Kankare Bisa Daɓen Inna

Sodangi: Halo! Halo! Labbo? Labbo na?

Labbo: Ni na, Yaya Sodangi. Rage murya, waya ta. Ba da makogwaro za ka kai magana Isa daga Sabon Birni ba.

Sodangi: To, salamu alaikum. Kun kwan lahiya?

Labbo: Lahiya lau. Ya gida? Ya Yaya Maijidda da yara?

Sodangi: Suna gaishe ka. Ya aikin En'e? Har yanzu kuna bisa gadar nan?

Labbo: Muna kai. Ya damina?

Sodangi: Mi kac ce?

Labbo: Damina! Ruwa!

Sodangi: A'a, ruwa sai godiya, gero ya yi. Kai, abin ga ƙugi shikai awa ƙudan zuma. Ya Bilki da goyo?

Labbo: Lahiya. Yaya, ɗandoka yaz zo har wurin aiki ya ce ana nemana gidan waya, gabana yah hwaɗi. Wa ya rasu?

Sodangi: Ba wanda ya rasu. Mota nis saya.

Labbo: Mota? Allahu akbar! Kai da jaki ka kayar?

Sodangi: Ita kuwa. Babba, ta ɗaukar gyaɗa zuwa Ƙaura, ta komo da kayan Maraɗi. Direba ya ce in ta ci gaba da kwana waje, ruwa da rana za su cinye ta. Gareji za ni yi mata. Kai ad da sanin siminti, wane iri za a zuba ƙasa? Wani magini ya ce siminti da rairai kawai, a shahe shi sumul.

Labbo: Kada ka yarda. Wannan na ɗakin kwana na, taya na hawa sai shi tsage. Kankare za a yi, mai tsakuwa. Kwanon sarki guda na siminti, biyu na rairan gulbi, huɗu na tsakuwa. Kada a cika mashi ruwa wurin kwaɓi. In ya sha iska a riƙa ba shi ruwa sahe da marece har mako.

Sodangi: Sai ka ce doki.

Labbo: Amma kahin nan a gina ƙasar da diga, a kwashe ta, zurhin taƙi guda. Ina za ka yi shi? Bayan rumbu?

Sodangi: Mota ba ta shiga can.

Labbo: To ina?

Sodangi: Halo? Kana jina?

Labbo: Ina jinka sarai. Ina za ka yi shi?

Sodangi: Ɗakin Inna.

Labbo: Ɗakin Inna?

Sodangi: Ruhin ya rubza da ruwan watan jiya, Labbo, bangon gabas ya bi shi. Ban so in hwaɗa maka a takarda ba. Shi kaɗai ad daidai da hanya. Mun kwashe ƙasa, sai ga daɓen nan, ko tsagewa bai yi ba. Maijidda ta share shi, yana ƙyalli awa jiya anka yi.

Labbo: Daɓen makuba ke nan. Yanzu wa ka yin irinshi?

Sodangi: Kai ba ka tuna ranar da anka yi shi, kana tatata. Ni nid ɗebo burji da jakin Baba, Inna ta jiƙa ɓawon ɗorawa cikin randa har gida ya ɗauki wari. Matan unguwa dut sun zo, har ƙawayenta daga Tsamaye, kowace da madaɓinta. Sun durƙusa layi, wata na ba da waƙa suna amsawa, bugu na tahiya tare. Ƙasa har motsi takai.

Labbo: Ni hurar da anka dama nika tunawa, ko kuwa labarinta nij ji, ban sani ba.

Sodangi: Kai da kaɓ ɓata masu aiki! Sun gama, sun hito shan hura, sai ga ka ka shige ɗakin, daɓe ɗanye. Goggo Larai ta ɗauko madaɓi za ta buge sawun, Inna ta riƙe mata hannu. Ta ce a bar shi, in ya girma ya tahi yawon duniya tana da abin kallo.

Labbo: Nan take aje tabarmar sallarta.

Sodangi: Sawun yana nan, Labbo. Dab da ƙohwa. 'Yan yatsu biyat.

Labbo: ...

Sodangi: Halo? Malam Amiru mai gidan waya, wayar ga ta mutu!

Labbo: Ba ta mutu ba, Yaya. Ina nan.

Sodangi: Leburori sun zo da diga shekaranjiya, nic ce su tahi, kaina ka ciwo. Jiya sun komo, nis sake korar su. Gobe ban san ƙaryar da za ni yi masu ba. Kuma yanzu kai da bakinka ka ce a gina.

Labbo: Ƙasar banza nika nuhi. Wannan ba ita ta ba. Abin da matan Gobir sunka buga yini guda, wane lebura za ya dandaƙa maka ƙasa ta hi shi ƙarhi? Kada a sa mashi diga. A shimhiɗa rairai mai laushi bisa, sannan a zuba kankare mai kauri, a ƙara tsakuwa. Lulluɓe shi za mu yi.

Sodangi: Kuma za ya ɗauki mota?

Labbo: Za ya ɗauka. Ya ɗauke mu, mu bakwai, da awakin Inna in ana ruwa.

Sodangi: Amma ba a ƙara ganin sawun.

Labbo: Mu dai mun san yana ƙasa. Yaya, ka bar motar ta ƙara kwana waje, ƙarhe ta. Ran kasuwa za ni biyo 'yan raƙuma in taho, ni za ni kwaɓa da hannuna. Tun ran ukun Inna ban taka ɗakin nan ba.

Sodangi: Kai, Malam Amiru ya tsaya kaina, wai Bature ka son layi. Dakata, Malam, ɗan'uwana na!

Labbo: Yaya, kada kowa ya zuba ko rairan sai na zo na gan…

Sodangi: Labbo? Halo! Labbo! Ya yanke. To, na ji. Ko ba ka ƙarasa ba na ji.