Laya a Ƙarƙashin Ƙarfe

A kasuwar Sakkwato, wani baƙon maharbi ya dire bindigarsa gaban Sodangi masassaƙi.

"Malam, duba min wagga. Tun da Nasara sunka shigo gari take kai harbi hagu."

"Nasara sun taɓa ta?"

"Ko kusa. Zamani dai ya lalace. Kura na ɗibar awakin ƙauyenmu, na auna ta, na samu rumbun mai gari. Ya ce in na ƙara, wani za a naɗa sarkin baka."

Sodangi ya kwance fatar ɗaurin, ya ɗaga ƙarfen daga kan ƙotar. Sai ga ƙatuwar laya cushe a kwarin itacen.

"Wa ya sa wagga nan?"

"Ni, ranar da sunka shigo. Ta tsari ce."

"To, ita ta tokare ƙarfen har ya karkace."

Ya cire ta, ya ɗan fafe kwarin, ya mai da ƙarfen, ya gwada da zare har ya wuce ƙarƙashinsa bai maƙale ba. Maharbin ya rataya layar a wuya.

"In na samu kurar, ka ga aikin laya."

"In ka ƙara samun rumbu fa?"

"Ai na san rumfarka."