Ban Kai Kakata Rumfar Zaɓe Ba

Assalamu alaikum, Malama mai gabatarwa. Ni ce Bilkisu daga Koki.

Kakata ta rasu ranar Talata. Da ƙuruciyarta an yi mata bulala don ta bi gida-gida tana cewa mata ma su jefa ƙuri'a. Tun da aka ba matan Arewa wannan dama, zaɓe bai taɓa wuce ta ba.

A zaɓen ƙarshe ciwon ƙafa ya kama ta. Ta yafa mayafi ta ce, "Bilkisu, riƙe ni mu je."

Na ce, "Hajiya, layin da tsawo, bari sai wani karon."

Ta cire mayafinta ta ninke.

Masu sauraro, yanzu wa zan roƙa ya yafe min? Ku sa ta a addu'a.