Barcin Malam Taka-Birki

Assalamu alaikum. Shugaban makarantar koyon tuƙi, jami'an kula da hanya da suka karrama mu, abokan aikin marigayi, uwargidansa da 'ya'yansa, sai 'yan'uwana ɗalibansa, masu lasisi da irina: ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Ban san me aka gani aka zaɓe ni ba. Karatuna bai yi nisa ba, tuƙina kuwa a katanga ya fara. Ranar da na sayi tsohuwar motata, na ce wa matata ai na tsufa a kujerar gaba ina kallon direbobi, me ya rage? Na sa giya, ashe ribas ce. Maƙwabcina ya leƙo ta ɓarakar da na yi masa a katanga ya ce, “Maƙwabci, ai muna da ƙofa.” Shi ya ja ni har gaban Malam, wanda muke kira Taka-Birki.

Malam ya dubi furfurata ya ce, “Baba, me ya yi zafi?” Na gaya masa autata na da sikila. In ciwon ya tashi, a kafaɗa nake ɗaukar ta mu tsaya bakin titi, ina ɗaga wa motocin haya hannu suna wucewa. Ya ce, “To ba gudu za ka koya ba. Mai ciwon ƙashi, duk ramin da taya ta faɗa a jikinsa yake.”

Ya kasance mai haƙurin da ya fi kulocin motarsa, don shi kulocin mun ƙona shi. Ya kasance in ka kashe mota a tsakiyar shataletale, ana ta zuba maka hon da baƙar magana, sai ya ce, “Ƙyale su, su ma ba da sitiyari aka haife su ba.” Ya kasance mai doka guda da ta gagare mu karyawa: ba ka zuwa jarrabawa sai ya yi barci kana tuƙa shi.

Jama'a, ba dabarar da ban yi ba. Na zo bayan ya ci ya ƙoshi. Na ba shi labarin ƙuruciyata, wanda ke sa matata minshari tun ban kai makarantar firamare ba. Idon Malam tar, ƙafarsa na shawagi a kan birkinsa.

Da jikinsa ya yi tsanani, ranar ganin likita babban ɗansa ba ya gari. Uwargida ta aiko a kira ni. Na ce, “Ni? Da alamar ɗan koyo?” Malam ya ce, “Ai malaminka na gefe.” Na ja motar nan kamar ƙwai na ɗauko, ina kauce wa kowane rami. Muna wuce danja na ji shiru. Na zaci ya cika, na juya na ce, “Malam!” Bai buɗe ido ba ya ce, “Dubi gabanka, ka bar ni.” A ƙofar asibiti ya farka ya ce, “Je ka ba da sunanka a jarrabawa.” Bai sake fitowa daga asibitin ba.

Na ɗauka magani ne ya kwantar da shi. Uwargida, ke kika ce min ko a gadonsa ciwo ba ya barin sa ya runtsa. Na gode da wannan maganar. 'Ya'yansa, ku duba ɗakin nan: duk wanda ya zo da motarsa ya kuma ajiye ta daidai, aikin mahaifinku ne. Ba ku yi maraici ku kaɗai ba.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah ya jiƙan Malam, ya yafe masa, ya sa kabarinsa ya zama wurin hutawa, ya ba iyalinsa dangana.

Ni dai da sauran nauyinsa a wuyana: jarrabawata Talata mai zuwa ce, autata kuma ta ce ita za ta fara shiga baya. Ranku ya daɗe jami'ai, kada ku ji tausayin furfurata. In na taka layi ku kayar da ni, zan dawo. Mutumin nan ya amince ya rufe ido a motata, ba zan ba shi kunya ba.