A Auna Mu Da Yamma

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaban taro, Baba Mai Girki, wanda ya riga mu duka shigowa otal ɗin nan. Ranki ya daɗe Hajiya Manaja. Mai girma Oga Mai Sito, wanda makullin komai ke aljihunsa. Iyayena masu wanke-wanke, yayyena masu shara da guga, 'yan uwana masu ɗaukar tire, da Baba Maigadi da nake hangowa can bakin ƙofa yana yi kamar ba ya ji: barkanmu da yamma.

Na gode da aka ba ni dama. Na san wasu na cewa, "Yau kuma 'Yar Waya ce za ta yi mana jawabi?" E, ni ce. Kuma ku shaida, wayar tana cikin jaka a kashe. Duk wanda ya san ni ya san ba ƙaramin abu ke raba ni da ita ba.

Abu biyu suka tsayar da ni a nan: baƙin takalmin nan mai tsini da ake ba mu tare da rigar aiki, da kuma Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, ga ta can baya da bandeji a idon sawu. Ita ta kawo ni aikin nan, ita ta koya mini riƙe tire da hannu ɗaya. Kwanan baya tana saukowa daga benen kicin da kofuna, ƙafa ta zame daga cikin takalmi, ta yi mummunan targaɗe. Likita ya ce mata, "Baiwar Allah, in kika koma cikin wannan takalmin, idon sawun nan ba zai daina gocewa ba." Sai ta dawo aiki da takalmin kambas. Aka ce mata in ta sake zuwa ranar Litinin ba takalmin aiki, ta ajiye riga. Da aikin nan take ciyar da yaranta, jama'a.

Oga Mai Sito ya ce mini, "Ke 'Yar Waya, ni da hannuna na auna yayarki, takalmin cif ya shige ta." Wallahi gaskiya ya faɗa. Amma yaushe aka auna mu? Da sassafe, kafin mu ɗauki ko cokali, muka yi layi muna ta murna. To ƙafar safe daban, ƙafar yamma daban. Wuni guda a tsaye, ƙafa sai ta kumbura, takalmi ya fara cizo. Mu kuma me muke yi? Mu take bayansa mu mayar da shi silifa. Haka Yaya ta yi, haka nake yi, haka ke ma kike yi, Anti Doguwa, kar ki kawar da kai! Takalmin da ba ya riƙe da dunduniya kuwa, a kan bene mai laima, ai sai abin da Allah ya yi.

Na ga wannan bayanin a bidiyon wata likitar ƙafa, kuma da yake ba duk abin da ke waya ne gaskiya ba, sai da na tambayi likitan Yaya, ya ce haka ne. Don haka ga roƙonmu.

Na farko, a sake auna mu da yamma bayan mun tashi aiki, a tsaye, kuma ƙafa biyun duka, don sau da yawa ɗaya ta ɗara ɗaya. Da babbar ake sayen takalmi.

Na biyu, a canza mana shi gaba ɗaya. Muna son mai faɗin gaba, wanda yatsu za su motsa a ciki, ba wanda zai cure su kamar ashana a kwali ba. A bar wuri kamar faɗin babban yatsan hannu a gaba. Tsinin ya sauka ƙasa, bayan ya yi ƙarfi ya kama dunduniya, a sa igiya ko maɗauri, ƙasan kuma ya zama roba mai kama tayil. Hajiya, ba mu ƙi kyau ba, ni da nake hoto kafin in karya kumallo! A bar shi baƙi, a bar shi yana sheƙi. Amma baƙo fuska yake kallo, kuma wadda takalmi ke cizo ba ta iya murmushi.

Na uku, shi ne ya hana ni barci: a bar Yaya ta yi aikinta da kambas har ta warke.

Yanzu ina roƙon kowa ya leƙa ƙarƙashin teburinsa. Ku leƙa mana! Mutum nawa ne ƙafarsu ke cikin takalmi? Hajiya, ni dai ban leƙa naki ba, tarbiyya ta hana ni. To ga tef ɗin awo na aro wurin telan layinmu, ga ƙafafu a kumbure, ga yamma ta yi. Oga Mai Sito, ba sai gobe ba.

Ranar Litinin Yaya za ta shigo ta ƙofar nan da kambas ɗinta, ni ma ina gefenta da nawa. Ba rashin kunya ba ne, ranki ya daɗe. In an karɓi rigarta, a haɗa da tawa. In kuwa aka bar mu, za ki ga aikin da masu lafiyar ƙafa ke yi.

Allah ya ba Yaya lafiya, ya bar ta a kan abincinta. Allah ya tausasa zukatan shugabanninmu, ya sa albarka a gidan nan, ya mayar da kowa wurin iyalinsa da ƙafafunsa biyu lafiya.

Na gode.